Tufafin Da Ke Sa A Hango Mai Keke Da Sauran Kayan Kariya

A yawancin ƙauyuka keke ne abin hawan zuwa gona da kasuwa da makaranta, kuma sau da yawa da asuba ake fita, a dawo bayan magariba, a kan titin da babu fitilun gefen hanya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda haka direban da bai hango mai keke ba sai da ya matso kusa, ba shi da sauran lokacin taka birki.

Launi da ƙyalli

Rigar da ake sayarwa domin wannan buƙata, wadda akasari falmaran ce irin ta ma'aikatan hanya, abu biyu ta ƙunsa, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne yadi mai kaifin launi, rawaya mai ratsin tsanwa ko ruwan lemo. Wannan launi hasken rana ne ke rayar da shi, don haka yana da amfani da rana da lokacin almuru da kuma cikin hazon hunturu, amma da zarar dare ya yi sai ya zama kamar kowane yadi. Na biyu shi ne layukan nan masu ruwan azurfa da aka ɗinka a jiki. Su ne ke mayar da hasken fitilar mota zuwa idon direba, kuma su ne abin dogaro da dare. Farar riga ta fi baƙa, amma ba ta kama ƙafar waɗannan layuka ba.

Akwai falmaran masu araha da layukansu fenti ne kawai. Kafin a saya da yawa, musamman idan ƙaramar hukuma ce za ta raba wa malaman gona ko ma'aikatan lafiya, ya kamata a gwada ɗaya: a rataye ta cikin duhu, a ja baya taku 50, a riƙe tocila daidai gefen ido a haska ta. Ta ƙwarai za ta yi ƙyalli tar. Ana iya duba ko tana ɗauke da lambar inganci ISO 20471, sai dai lamba ba ta da wuyar bugawa, gwajin tocila ya fi tabbas. Da damina, inda shuka ta rufe gefen hanya, ruwan lemo ya fi fita daban.

Inda aka sa ƙyallin ma abin lura ne. Buhun da aka ɗora a kariya yana rufe bayan mahayi, falmaran ta zama ba ta da amfani. Ɗamara mai ƙyalli a idon sawu ta fi saurin jan hankalin direba, domin hawa da saukar ƙafa a kan feda na nuna masa cewa mai keke ne. Ga shi kuma tana tattare ƙafar wando daga sarƙa. Mai babbar riga sai ya naɗe ta sosai kafin ya ɗora falmaran.

A wanke rigar da hannu ba tare da dirza layukan ba, a shanya a inuwa, domin rana na kashe launin.

Fitila da hular kwano

Ƙyalli ba ya aiki sai an haska shi, don haka bai ɗauke wa keke buƙatar fitila ba: fara a gaba, ja a baya. A Nijeriya tun 1972 ake tuƙi a hannun dama, mai keke shi ma ya bi dama, kada ya fuskanci motoci.

Hular kwano ta keke ba ta da nauyi kamar ta babur, kuma tana da ƙofofin shan iska. Ta zauna daidai a kai, kimanin yatsu 2 sama da gira, a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Ba ta zama a kan hula mai tsayi ko rawani. Wadda ta taɓa buguwa a hatsari a canja ta ko da ba a ga tsaga ba, domin soson da ke ciki sau ɗaya yake shanye bugu.