KUDUDDUFIN UNGUWARMU DA AKA YANKA FULOTI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe.

Makon jiya wani ƙanina, ɗan kawuna, ya same ni bayan Magariba da takarda a hannu. Ya ce, "Yaya, na samu fili a cikin gari, araha wallahi. Tunda kai ma'aikaci ne, ka taya ni bin takardun." Na tambaye shi ina ne wurin. Da ya kwatanta sai na yi shiru. Kududdufin bayan gidan kakanmu ne, inda aka sha zane mu muna yara saboda wanka. Shekaru ana zuba masa bola har ya cike, aka bi da jan ƙasa aka lulluɓe, yanzu an kafa duwatsu an yanka shi ƙafa 50 sau 50. Ragowar ruwan da ke gefe kuwa, nan kwatocin unguwa suke ƙarewa, nan kuma wasu masu kwasar masai suke lallaɓowa da dare su juye.

Ban ba shi amsa a take ba. Amsar ce nake rubutawa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Mu fara da tambayar da ba mu cika yi ba: daga ina kududdufan birnin Zariya suka fito? Yawancinsu hannun mutum ne ya haƙa su. Kowane soro, kowane zaure, kowace katanga da aka gina da tubali, ƙasarta daga wani rami aka ɗebo ta. Ganuwar nan da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, wadda kewayenta ya kai tsakanin kilomita 14 zuwa 16, ƙasa ce. Babban masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ƙasa ce. Ka ga ke nan duk ginin da ya tashi sama ya bar rami a wani wuri. Idan damina ta zo, ruwan da ya sauka daga indararon gidaje ya bi lungu, ramin nan ne masaukinsa.

Sannan wanda duk ya girma a cikin gari ya san da can ba a cike birnin da gidaje ba. Ka shigo ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Kona, sai ka ratsa gonaki da fadamu kafin ka tarar da gidaje. Magabata sun kewaye fili mai yawa da gangan, don idan yaƙi ya tsare ƙofa a samu abin nomawa da wurin kiwo. Kuma akwai wani zagaye da ya ɗaure komai: toka da kashin dabbobi da sharar gida a tara su a juji, rani ya yi a loda wa jaki a mangala a kai gona. Ruwan wanki ya tafi kududdufi, rana ta dafa shi, ƙasa ta tsotse saura. Marina da majema suna da nasu wuraren da aka sani. Birnin Zariya bai taɓa samun babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje ba, har yau ɗin nan. Filin da babu gini da ramin da ke riƙe ruwa su ne suka yi mana wannan aikin ɗaruruwan shekaru, ba tare da an biya su ko kwabo ba.

Kada wani ya ce gargajiya ce kawai. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da tafkunan tace ƙazantar ruwa da injiniyoyi suka tsara. Aikinsu shi ne a bar ruwa ya kwanta kwanaki, daɗɗaurar ƙazanta ta nutse, hasken rana da gansakuka da ƙananan halittu su cinye mafi yawan abin da ke cutarwa. Abu biyu irin wannan tafki yake buƙata: lokaci da tazara daga inda mutane suke kwana. Kududdufinmu ɗan'uwansa ne da bai je makaranta ba.

Ita ma tazarar tana da tarihi. Malaman fikihunmu na Malikiyya sun san harimi: rijiya tana da hariminta, rafi yana da nasa, gari yana da nasa, ba a gini a ciki, ba a mallake shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasa da mallakarta. Alƙali yana iya hana ka haƙa masai a inda zai ɓata rijiyar maƙwabcinka, ko da a cikin gidanka ne.

Da Turawa suka zo a 1902, suka kawo tasu tazarar. Jirgin ƙasa ya iso, Sabon Gari da Tudun Wada suka tashi a wajen ganuwa. A tsarin Lugga, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, sai an bar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Ba don son mu suka yi ba, fatarsu suke karewa daga sauro da zazzaɓi, kuma wariya ce ƙiri-ƙiri. Amma a lura: sun ɗauki filin da babu komai a matsayin magani. A cikin gari kuma aka bar mu da duba-gari na En'e, wanda iyayenmu mata suke jin sunansa su ruga su zubar da ruwan randa.

Sai 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi dokar amfani da ƙasa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana. Daga nan makomar fili ta koma cikin fayil. A yau KADGIS ce ke da rajistar filaye a Jihar Kaduna, KASUPDA ce ke ba da izinin gini. Dokoki suna nan a rubuce. Amma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yawancin filayen cikin gari ba sa bi ta nan tun farko. Magada ne da dillali da shaidu biyu da takardar hannu. Sai an kai linta ake tuna hukuma, a zo ana neman wanda zai "taimaka".

Zan faɗi gaskiya a kaina. Shekarun baya wani fayil ya biyo ta teburina a wani ofis da na zauna. Wuri ne da tsohuwar taswira ta nuna matattarar ruwa, ana so a mai da shi na gidaje. Na rubuta abin da na gani, aka dawo min da fayil ɗin aka ce in sake dubawa da kyau. Na gane karatun. Na sake rubutawa da laushi, ya wuce. Damina biyu bayan haka na bi ta wurin, na ga wata baiwar Allah tana kwalfe ruwa daga ɗaki da roba, katifa a kan katanga. Ba ta san ni ba. Ni na san hannuna yana ciki. Ruwa ba ya karanta takardar mallaka, hanyarsa kawai ya sani.

To, ga abin da nake so ƙanina ya lissafa. Ƙafa 50 kusan mita 15 ce. Masana lafiya suna so a bar wajen mita 30 tsakanin rijiya da masai. A cikin mita 15 zai haƙa rijiya, ya haƙa sokawe, maƙwabcinsa na dama da na hagu su ma haka, duk a kan ƙasar da ruwa yake kusa da sama. Abin da ya fita ta bayan gida zai dawo ta guga. A Landan a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi sawun kwalara har zuwa famfo guda, daga baya aka gano ramin masai ne kusa da rijiyar yake tsiyaya a ciki. Mu kuma duk damina sai mu ce amai da gudawa ya shigo gari, kamar baƙo ne daga wata ƙasa. Ƙari a kan haka, bola ba ƙasa ba ce. Tsumma yana ruɓewa yana zama, gini ya tsage. Ruwan da aka kora kuma gidan talakan da ke gangare zai nufa, ko ya kwashi ƙazanta ya kai Kamacha da Kubanni, inda masu lambu suke shayar da latas da kabejin da muke saye.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Kududdufin yau ba na jiya ba ne. Gidan sauro ne, yana wari, yana sa yara tsargiya, ya ci 'ya'yan mutane ba ɗaya ba. Mutane sun yi yawa, gidan gado ya tsattsage, saurayi yana son aure ba shi da ɗaki, kuɗin fili a wajen gari ya fi ƙarfinsa. Ba na cewa a bar kowane rami yadda yake. Cewa nake kafin a cike rami a fara amsa tambaya ɗaya: ruwansa ina za shi? A ƙirga waɗanda suka rage, a san wanda za a yashe a kewaye a dasa itatuwa, da wanda za a iya cikewa bayan an gina magudana. A ware wa masu kwasar masai wurin juyewa nesa da gidaje, a kuma hana yanka fuloti a jikinsa. Masu unguwanni da limamai sun fi kowa sanin inda ruwa yake bi, a sa su a ciki.

Ƙanina, ga amsarka. Ba zan bi maka takardar nan ba. Na yi sau ɗaya don wanda ban sani ba, har yau tana damuna, balle kai da 'ya'yanka. Ka riƙe kuɗinka zuwa watan Agusta, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya mu je tare mu tsaya a wurin. Idan ka ga inda za ka shimfiɗa tabarma, ni zan cika maka kuɗin bulo.

'Yan Zariya, wane kududdufi ne aka cike a unguwarku, kuma gidan wa ruwan yake shiga yanzu? Ku faɗa mana, wataƙila wani ya tsira da kuɗinsa.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya yafe mana abin da muka sa wa hannu.