Juyin Inji da Giyar Ƙari a Tsofaffin Motocin Ingila Masu Gudu

Muhawarar da ta daɗe tana gudana tsakanin masu riƙe da tsofaffin motocin Ingila masu kujera biyu, irin su MGB da Triumph TR6 da Austin-Healey, ita ce ta yawan juyin da ya dace inji ya riƙa yi a minti ɗaya yayin doguwar tafiya a kan babban titi. Wanda ya saba da motar zamani, wadda injinta ke juyi kusan sau 2,000 a gudun kilomita 110, yakan firgita idan ya ga allurar tsohuwar mota ta doshi 4,000, har ya shiga neman hanyar sauko da ita ko ta halin ƙaƙa. Hujjar wannan maƙala ita ce wannan firgita ta samo asali daga auna tsohon inji da ma'aunin sabo, kuma na'urar da maƙeran motocin suka tanada, wato obadirayif ko giyar ƙari, ta riga ta warware matsalar gwargwadon abin da injin ke buƙata.

Juyin inji a kowane gudu lissafi ne mai sauƙi, domin abubuwa uku kaɗai ke tsayar da shi: rabon giyar da ake ciki, da rabon haƙoran aksul ɗin baya, da girman taya. Rabo a nan yana nufin adadin juyin da sanda mai turawa ke yi kafin wadda ake turawa ta juya sau ɗaya. A motar MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, giya ta huɗu tana miƙa juyin inji kai tsaye ba ragi ba ƙari, aksul ɗin baya kuma yana da rabon 3.9, don haka motar na tafiyar mil 18 a sa'a kan kowane juyi 1,000. A gudun mil 70, kimanin kilomita 113, injin yana juyi kusan sau 3,900. Giyar ƙarin da aka sa wa motar daga 1967 tana da rabon 0.82, saboda haka da zarar direba ya taɓa makunninta sai juyin ya sauko zuwa kimanin 3,200, motar kuwa ba ta rage gudu ba.

Dalilin da ya sa wannan ragi na juyi 700 yake da nauyi yana cikin tarihin harajin Birtaniya. Har zuwa 1947 gwamnati na yanka wa mota haraji bisa faɗin silinda da yawansu, ba tare da duba nisan hawa da saukar fistan ba, abin da ya sa kamfanoni suka saba da ƙera injuna masu ƙunƙuntar silinda da doguwar tafiyar fistan, kuma al'adar ta ɗore bayan an soke harajin. Injin MGB mai cc 1,798 yana da faɗin silinda milimita 80 da ɗoriya, fistan kuma na tafiyar kusan milimita 89. A juyi 3,900 fistan na yin matsakaicin gudun mita 11.6 a daƙiƙa, a 3,200 kuwa mita 9.5 ne, kuma wannan bambanci shi ke bayyana a zafin baƙin mai, da cinyewar zobban fistan, da ƙarar da ke gajiyar da direba. Ba a damu da wannan sosai ba muddin hanyoyin ƙasar masu lanƙwasa ne, amma da aka buɗe babban titin M1 a watan Nuwamba 1959, ba tare da wata iyakar gudu ba har zuwa Disamba 1965 da aka sa ta mil 70, sai injuna suka gamu da aikin da ba su saba ba, na tsayawa a juyi mai yawa sa'a guda cur.

Na'urar da ta amsa wannan buƙata ta kamfanin Laycock ne na birnin Shefil, bisa ƙirƙirar injiniya Edgar de Normanville, kuma ƙirarta ta cancanci yabo. Ana ɗaura ta a bayan giyabos, a cikinta kuma akwai giyar tsakiya, da ƙananan giyoyi masu kewaya ta, da wani zobe mai haƙora ta ciki wanda ya rufe su duka. Idan ba a kunna ta ba, wani kuloci mai siffar mazurari yana haɗe giyar tsakiya da zoben, sai komai ya juya tare. Idan an kunna ta, lantarki na jan wani bawul, man da ƙaramin famfo ya matse ya tura kulocin ya riƙe giyar tsakiya cak, ƙananan giyoyin su dinga kewaya ta suna tura zoben da sauri fiye da sandar da ke shigowa daga giyabos. Duk wannan yana faruwa ba tare da direba ya taka kuloci ba, kuma a MGB na'urar na aiki a giya ta uku da ta huɗu, abin da ke ba motar rabo shida na gaba. Akwai makunnin kariya da ke hana ta shiga a ribas, domin idan ta shiga to lalacewa ta tabbata, kuma wannan ɗan makunni shi ne abin da bakanike mai hankali ke fara dubawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa duk ƙarin ragin juyi riba ce. Kowane inji yana da wurin da ƙarfin murɗawarsa ke kai ƙololuwa, kuma a MGB wannan wuri yana wajen juyi 3,000, wato dab da inda giyar ƙari ke ajiye shi a gudun babban titi. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa kusan sau takwas idan gudu ya ninku sau biyu, inji mai ƙarfin doki 95 kuma ba shi da rarar da motar zamani ke da ita. Mai motar da ya canja haƙoran aksul ko ya sa manyan tayoyi don ya ga allura a 2,400 ya jefa injinsa cikin halin mai keke da ya saka giya mai nauyi a hawan tudu: sai ya danne totur sosai kafin ya riƙe gudu, famfon baƙin mai da na ruwa suna juyi a hankali, matsi kuma ya ƙaru a kan karanshaf. Giyar ƙari ba ta ƙara wa waɗannan motoci wani gudun a-zo-a-gani ba, amfaninta shi ne sauƙaƙa wa inji da rage shan fetur.

Masu cire ta su sa giyabos mai giya biyar, galibi na motar Ford Sierra, suna da hujjar da ba za a raina ba, domin na'urar Laycock na dogara da tsaftar mai da lafiyar wayoyi, ƙwararrun gyaranta kuma suna ƙaranci. Sai dai giya ta biyar a wancan giyabos tana da rabon kusan 0.82, daidai da wadda aka cire, don haka juyin inji a babban titi bai canja ba, an kuma rasa damar sauya rabo da yatsa a tsakiyar wuce wata mota. Ga MGB mai asalin aksul da tayoyi masu girman da kamfani ya tsara, juyi 3,000 zuwa 3,200 a giyar ƙari shi ne daidai a gudun mil 65 zuwa 70, kuma gyara na'urar ya fi cire ta.