Daga Rumbun Tsimi zuwa Karo-karon Intanet: Tarihin Amanar Dukiyar Jama'a a Damargu

A yau, idan iska ta kwashe rufin aji a wani ƙauye na Tanut, ko rijiya ta rufta a karkarar Belbeji, ba a kwana biyu sai labari ya kai ga 'ya'yan garin da ke Damagaram da Agadas da Yamai, har da masu ci-rani a Libiya da Aljeriya. A buɗe zauren WhatsApp, a ba da lambar mutum ɗaya, kowa ya aika abin da ya sawwaƙa. Wannan shi ne karo-karon zamani, wanda a wasu ƙasashe ya zama sana'ar kamfanoni masu dandali a intanet. Sauƙinsa a fili yake. Amma kuɗi na taruwa sai tambayoyi uku su taso: a hannun wa suke, wa ya shaida, kuma wa zai amsa in sun salwanta? Mai karatu zai ga cewa Damargu ta daɗe tana fama da waɗannan tambayoyi, kuma amsoshin da ta bayar suna haska dokokin da ake shimfiɗa wa dandalin intanet a yau.

Damargu ƙasa ce ta tsakani, inda gonar hatsi take iyaka da makiyaya. A ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzin: ayarin Kel Ewe yana sauko da gishirin Bilma da dabino, ya koma da gero. Hanyar fatake daga Tarabulus zuwa Kano ta nan ta ratsa, kuma a nan ne, a Tagelel, matafiya Barth da Overweg da Richardson suka rabu cikin Janairun 1851. Irin wannan fatauci ba ya yiwuwa da dukiyar mutum ɗaya. Attajiran Gadamas suna ba da haja bashi, madugu yana ɗauke da kayan mutane da yawa, tafiya kuwa ta watanni ce. Abin da ya riƙe wannan hulɗa shi ne fiƙihun Malikiyya, musamman babin ƙirali, wanda wasu ke kira mudaraba: a san adadin jari, a yanka rabon riba tun farko, hasara ta hau kan mai dukiya sai fa in mai juyawa ya yi sakaci ko ha'inci. Ga shaidu, ga alƙali, ga kuma suna, wanda in ya ɓaci a zango ɗaya ya ɓaci har ƙarshen hanya.

A ƙauye da ruga kuwa babu takarda, amma akwai ido. Gayya tana tara ƙarfi a gonar mutum ɗaya, adashi yana tara kuɗin mata a hannun uwar adashi, Fulani kuma suna da habbanaye, inda mai garke zai ba wanda fari ya tsiyata saniya, ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa, sa'an nan ya mayar da uwar. Duk waɗannan sun tsayu a kan abu biyu: yardar mai bayarwa, da sanin asalin mai karɓa. Kunya ita ce hukunci, domin wanda ya ci amana ba shi da wani gari sai wannan.

Zuwan Nasara ya kawo wani salo. A 1910 Faransa ta fitar da doka ta kafa ƙungiyoyin tsimi da tanadi a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, a 1915 kuma aka buɗe hanyar tilasta wa talakawa shiga. Ana karɓar kuɗin ƙungiya tare da haraji, kumandan kuwa shi ne shugaba. Bayan yunwar 1931 aka ƙara matsa wa manoman Nijar su zuba hatsi cikin rumbunan tsimi, waɗanda ba a buɗewa sai da izinin bariki. Manufar, a bisa takarda, ba ta da aibi, balle a ƙasar da damina ba ta da tabbas. Amma manomi yana kallon hatsinsa a kulle alhali iyalinsa na jin yunwa, ba shi da bakin tambaya. Shi ya sa rumbun ya zama ɗaya daga cikin manyan koke-koken talakawa har zuwa jajibirin mulkin kai. An sami rajista da hatimi, an rasa yarda.

Bayan 1960 gwamnatoci sun yi ta neman haɗa biyun. An kafa hukumar UNCC a 1962 domin bashi da ƙungiyoyin manoma. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974, aka farfaɗo da samariya, wadda ta gina azuzuwa da guminta da karo-karonta, ko da yake umurni daga sama yake saukowa. Fari na 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobin arewacin Damagaram, suka kuma jawo yaɗuwar bankunan cimaka a ƙauyuka. Wasu sun ɗore, wasu sun mutu cikin 'yan shekaru, kuma sau da yawa dalilin ɗaya ne: mabuɗi da littafi sun taru a aljihu guda. Darasin da ya fi kowane armashi daga mata ya zo. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maradi, ya bazu cikin Nijar da wasu ƙasashe masu yawa. Asirinsa bai wuce wannan ba: ana zubi a gaban kowa, ana ƙirga a gaban kowa, akwati kuma ba ya buɗuwa da mabuɗin mace ɗaya.

Intanet ta zo ta rushe katangar da ta tsare gayya da adashi, wato sanin juna. Mai bayarwa yana Tamanrasat, mai karɓa yana Tarka, mai dandali kuwa wataƙila ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana ɗacin haka a Disamban 2016, lokacin da tsarin MMM, wanda ya yi shigar taimakon juna, ya rufe asusun mutane. Don haka ƙasashe suka shiga rubuta dokoki: Amurka a 2012, Faransa a 2014, Tarayyar Turai a 2020, Maroko a 2021. A Janairun 2021 hukumar kula da hannayen jari ta Najeriya ta fitar da nata ƙa'idoji: dole mai dandali ya yi rajista, ya mallaki jarin naira miliyan 100, matsakaicin kamfani ba zai tara fiye da naira miliyan 100 cikin wata 12 ba, ƙaramin mai zuba jari kuma kada ya sa fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a shekara. Dokar Turai ta ƙara wa wanda bai ƙware ba kwana 4 na tunani, ya janye in ya ga dama.

In aka tace waɗannan dokoki, za a tarar tsohon zance ne cikin sabuwar riga. Suna bambanta kyauta da bashi da jari, kamar yadda malamai suka bambanta sadaka da rance da ƙirali. Suna neman a san mai dandali da mai neman kuɗi, suna da adireshi. Suna hana cakuɗa kuɗin jama'a da na kamfani. Suna wajabta a faɗi haɗari kafin a karɓa, a kuma kawo lissafi bayan an kashe.

A Nijar ma ƙofofin da mai irin wannan niyya zai ƙwanƙwasa sanannu ne. Dokar 1 ga Maris 1984 ta shimfiɗa yadda ƙungiya take samun izinin hukuma. Karɓar ajiya da ba da bashi aiki ne na wanda ya sami lasisi, bisa tsarin ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa na 1993 da wanda ya gaje shi a 2007. Umurnin da babban banki BCEAO ya bayar a 2015 ya ɗora wa mai fitar da kuɗin salula jarin sefa miliyan 300, ya kuma ce a keɓe kuɗin masu hulɗa. Kiran jama'a su sayi hannun jari yana bukatar amincewar hukumar kasuwar kuɗi ta yankin, mai mazauni a Abijan. Hukumar CENTIF tana bin sawun kuɗin da ake tuhuma, sa'an nan tun 2017 akwai dokar kare bayanan mutane, wadda ta shafi duk mai tara sunaye da lambobi.

Saboda haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, kada mu ɗauki takarda a matsayin zargi ga ɗan'uwa. Ma'aji nagari shi ya fi kowa bukatarta, domin ita ce ke wanke shi ranar da baki ya yi yawa. Kafin a buɗe zaure, a sa asusu da sunan ƙungiya, sa hannu ya zama na mutum biyu ko uku, a faɗi abin da ake nema da ranar rufewa, a faɗi makomar rara, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a da harshen da tsohuwar da ta ba da dala ashirin take ji. Rumbun kumandan ya nuna mana inda takarda take kai mutane in babu yarda, zamani kuma ya nuna mana yarda kaɗai ba ta ƙetare hamada lafiya. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.