Tsohuwar Volkswagen Beetle: Yadda ake gano musabbabin raunin birki da gyara shi

A 1975 kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa ƙaramar motar nan mai doro, wato Beetle, a Legas, kuma cikin 'yan shekaru ta zama motar malaman makaranta da ƙananan ma'aikatan gwamnati. Masana'antar ta durƙushe tuntuni, an kuma ƙera Beetle ta ƙarshe mai injin baya a garin Puebla na ƙasar Mexico a watan Yulin 2003. Waɗanda suka rage a titunanmu gado ne daga iyaye, ko kuwa matasa masu sha'awar tsofaffin motoci ne suka tayar da su daga gareji. Kukan da masu su suka fi yi shi ne birki ba ya ci.

Abin da aka saba gani shi ne makaniki ya ce masta ta mutu, a sayo sabuwa, a ɗaura, matsalar kuma ta tsaya inda take. Sau da yawa laifin ba na masta ba ne. Fedar birkin ita ke faɗin inda cutar take, in dai an san yadda ake sauraronta.

Yawancin Beetle birkin ganga gare su a ƙafafu huɗu. Wasu masu babban inji ne kawai suka zo da faifai a gaba. A cikin kowace ganga akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa ɗauke da fatar da ke gugar gangar, waɗanda makanikai ke kira lainin. Idan direba ya taka feda, masta ta tura mai ta cikin bututu zuwa ƙaramar silindar da ke kowace ƙafa, ita kuma ta buɗa lainin su matse jikin ganga. Motar ba ta da na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi kamar motocin yanzu, saboda haka wanda ya saba da Corolla zai ji birkin da nauyi ko da lafiyarsa lau. Wannan ba rauni ba ne, haka aka ƙera ta.

Abin da fedar ke faɗa

Idan fedar ta yi nisa kafin ta kama, amma da ta kama sai ta yi tauri, to lainin ne suka cinye suka yi nesa da ganga. Birkin Beetle ba ya daidaita kansa, da hannu ake yi, kuma wannan ne aikin da aka fi mantawa da shi. Akwai gwaji mai sauƙi: a ja birkin hannu sannan a taka feda. Idan ta kama a sama fiye da ɗazu, ƙafafun baya ne ke neman saiti.

Kowace ƙafa tana da 'yan ƙarafa biyu masu haƙora kamar tauraro, ɗaya ga kowane lainin, takwas ke nan a motar duka. Ana isa gare su da sukundireba ta wata 'yar kafa, a bayan farantin birki ko a fuskar gangar, gwargwadon shekarar motar. A ɗaga motar a tokare ta da abin da ba zai zame ba, domin jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. A riƙa juya tauraron har lainin ya fara riƙe taya, a taka feda sau biyu ko uku don ya zauna daidai, sannan a sassauta haƙori uku zuwa huɗu har tayar ta juya ba tare da tirjiya ba. A maimaita ga sauran bakwai. A motar da ta daɗe a ajiye taurarin kan yi tsatsa su ƙi motsi. Sai an cire ganga an wanke su an shafa musu ɗan giris. Aikin ba ya cin kuɗin kaya ko sisi, wataƙila shi ya sa ba kowane gareji ke fara wa da shi ba.

Idan kuwa fedar tana da laushi kamar an taka soso, iska ce ta shiga bututu, ko tiyon roba ya tsufa yana kumbura. Ana fitar da iskar ta ɗan notin da ke bayan kowace silinda, mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗewa yana rufewa, ana lura kada tulun mai ya ƙafe. Sai an gama saitin lainin ake wannan, in ba haka ba wahala ce kawai. Tiyon roba huɗu ne, kuma suna da wata muguwar ɗabi'a: sukan ruɓe ta ciki alhali wajensu sumul, su bar mai ya wuce amma su hana shi dawowa, sai ƙafa ɗaya ta riƙa ɗaukar zafi ko motar ta riƙa fizga gefe guda. Tiyon da ba a san shekarunsa ba, sauya shi ya fi.

Fedar da ke nutsewa a hankali alhali ƙafa tana kanta, ita ce ke nuna masta, ko yoyo. Kafin a yanke hukunci a duba matakin mai a tulu, a leƙa bayan kowace taya ko akwai danshi. A kuma ɗaga shimfiɗar ƙasan motar ta wajen direba, domin bututun ƙarfe da ke kai mai baya ta cikin ɗakin motar ya bi, inda ruwan damina ke kwanciya ya ci shi da tsatsa. Tsofaffin samfura layin mai ɗaya gare su, ma'ana huda guda ta isa ta kashe birkin ƙafafu huɗu a lokaci guda. Daga wajajen 1967 aka fara raba layin gida biyu, gaba daban baya daban.

Saura mafi ruɗarwa: feda tana sama, tana da tauri, amma mota ba ta tsayawa. A nan sai an buɗe ganga. Ko dai silinda ta cije, ko lainin sun yi santsi saboda zafi, ko sun jiƙe. A ƙafafun baya na Beetle, robar da ke tare man giyabos a bakin aksul takan lalace man ya malalo kan lainin. Wanke su da fetur ko ƙona su da wuta, kamar yadda wasu ke yi, ba ya fitar da man da ya riga ya ratsa. Sai a sauya robar da lainin na ɓangarorin biyu tare. Notin gangar baya mai lamba 36 ne, ana ɗaure shi da ƙarfin da ya kai kimanin Nm 300, a soke shi da sabon fil. Ƙurar cikin ganga kuma kada a hure ta da baki ko da iska, domin tsofaffin lainin na ɗauke da asbestos mai lalata huhu.

Man birki

Man DOT 3 ko DOT 4 motar ke sha, kuma yana zuƙar laima daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa ma'aunin ya sauko zuwa 155. A gangare mai tsawo irin na Hawan Kibo, wannan bambancin ne ke sa feda ta tafi ƙasa fanko ba zato. Saboda haka ake juye shi duk shekara biyu, ake kuma sauka gangare da ƙaramar giya. Man inji ko na giya yana kumbura robobin ciki, ruwan sabulu da wasu direbobin haya ke ɗurawa kuwa yana tafasa a digiri 100, ga tsatsa.

Akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin mai mota. Kayan Beetle a yau sai an tona a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma mai saye ba shi da hanyar auna ingancin man da ke cikin gwangwani ko robar da ke cikin leda. Tantance wannan aikin hukumar SON ne, duba lafiyar mota kafin ta hau titi kuma na jami'an VIO. Takardar shaidar lafiyar mota da aka karɓa ba tare da wani ya taka fedar ba, ba ta ce komai a kan birkin ba.

Bayan an gama gyara, a tabbatar fedar tana da ɗan wasa na milimita 5 zuwa 7 kafin ta fara tura masta. Idan babu, birkin zai riƙa cijewa da ya ɗauki zafi. Sai a gwada motar a fili mara jama'a da ƙaramin gudu, a ga ko tana tsayawa a miƙe, sannan a kusanta hannu ga kowace ganga. Wadda ta fi sauran zafi an matse ta da yawa. Idan sabbin lainin aka sa, a sake saitin bayan 'yan kwanaki na tuƙi, lokacin da suka zauna a jikin ganga.