Matsin aiki da ƙarewar kuzari: Yadda abin yake a garin kan iyaka irin Illela

Garin Illela yana arewacin Jihar Sakkwato, kilomita 80 da ɗoriya daga babban birnin jihar, kuma tsakaninsa da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintuna ce. Kasuwarsa tana ci ranar Lahadi, inda kara ke cika da shanu da raƙuma da tumaki, ga hatsi da albasa, ga 'yan canji suna juya naira da sefa. Dillali da ɗan dako da direba da ɗan kabu-kabu, da jami'in kwastan da na shige da fice, duk abincinsu a rataye yake da ƙofar iyaka, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ke riƙe da mabuɗinta.

A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ta Illela ba sai 16 ga Disamban 2020, tare da ta Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS, har zuwa watan Maris na 2024. A cikin 2023 ɗin kuma aka sha ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira, aka kuma cire tallafin man fetur. Duk waɗannan shawarwari a nesa aka yanke su, amma a kan wanda ya ci bashi ya ɗauko kaya suka sauka. Wannan ya sa Illela ta dace da misali a wannan batu, domin masana sun daɗe da lura cewa yawan aiki kaɗai ba ya karya mutum kamar yadda yawan aiki tare da rashin iko a kansa ke yi.

Matsin aiki daban, ƙarewar kuzari daban. Matsi shi ne halin da jiki ke shiga idan abin da ake nema a wurin mutum ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa na lokaci ko kuɗi ko mataimaka. Jiki yakan saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, hankali ya tattaru wuri guda. Na ɗan lokaci wannan ba illa ba ne, shi ke sa dillali ya kai la'asar a kara bai ji yunwa ba. Illar tana zuwa ne idan jiki bai samu ranar sauka ba, mako ya bi mako, wata ya bi wata.

Ƙarewar kuzari ita ce inda wannan doguwar hanya take kaiwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fito da batun a 1974 bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin New York suke dusashewa, kalmar da ya zaɓa a Turance kuwa tana nufin ƙonewa ƙurmus. Christina Maslach ta biyo baya da ma'aunin gwada ta a 1981. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a kundinta na 11 na rabe-raben cututtuka, amma ba a matsayin cuta ba, sai dai a matsayin lamarin da ya shafi wurin aiki, wanda ke tasowa daga matsin da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba ta alamomi uku: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, nisantar aiki a zuci har mutum ya riƙa jin haushinsa, da raguwar ƙwazo.

Alama ta biyu ita ce aka fi yi wa mummunar fassara. Jami'in da a da yake amsa sallama da fara'a, yanzu ya koma tsawa ga kowa, ko malamar asibitin da ta daina kallon fuskar majinyaci, sai a ce girman kai ne ya shige su. Ɗan kasuwar da ya daina fita da wuri sai a ce ragwanci ne, wani ma ya ce sammu aka yi masa. Sau da yawa ba ko ɗaya, mutum ne da ya zuba har ya ƙare. Jiki ma yana ba da nasa labari ta ciwon kai, da farkawa cikin dare ana lissafin bashi, da mantuwa, da faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Haɗarin bai tsaya ga ɓacin rai ba. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 ta bugun jini a ƙwaƙwalwa da ciwon zuciya saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Idan aka gwada da mai aikin sa'a 35 zuwa 40, haɗarin bugun jinin ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Mai shagon da ke buɗewa daga hantsi zuwa bayan isha'i kwana bakwai ya wuce wannan adadi da nisa, ga kuma zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40.

Maslach da abokin aikinta Michael Leiter sun ware abubuwa shida da ke haddasa matsalar: nauyin aiki, rashin iko, ƙarancin lada, lalacewar zumuncin abokan aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da aiki ke sa shi yi. Na ƙarshen yana da nauyi a kan iyaka. Al'ummar Illela da ta Ƙonni harshe ɗaya ne, da auratayya a tsakani, don haka jami'in da aka umarta ya tare buhun gero yana iya tarar da fuskar da ya sani a bayan buhun. Biyar daga cikin shidan ma ba a hannun ƙaramin ma'aikaci suke ba, shi ya sa nasihar "a yi haƙuri" kaɗai ba ta wadatar. Haƙuri yana da matsayinsa, amma ba ya maye gurbin jadawalin karɓa-karɓa mai adalci, ko biyan alawus a kan kari, ko sauyin wurin aiki ga wanda ya daɗe nesa da iyalinsa.

Ma'aikaci yana da haƙƙin da sau da yawa shi da kansa yake watsarwa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun kwana ɗaya a kowane mako, da hutun sa'a ɗaya ga wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye a yini, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan wata 12. Ƙa'idojin aikin gwamnati kuwa sun ba manyan ma'aikata kwana 30. Akwai masu ƙin tafiya hutu don tsoron kada a zaunar da wani a kujerarsu, kuma shugaban da ke yaba wannan hali yana cutar ofishinsa ne.

Ɗan kasuwa ba shi da mai sa masa hannu a takardar hutu, sai abin da ya yanka wa kansa. Tun da Lahadi ce ranar gumi, ya kamata wata rana ta zama ta sauƙi. Horar da yaron shago har a iya bar masa aljihun kuɗi, raba jari da kuɗin cefane, rubuta bashi a littafi maimakon ɗaukarsa a ka, da ajiye wani abu ta adashi saboda ranar da ƙofa za ta rufe, duk suna mayar masa da ɗan iko a kan lamarinsa. Barcin sa'a bakwai, ƙailula, da kashe waya na wani lokaci da dare ba ɓata lokaci ba ne. Abin gudu shi ne neman ƙarfi a wurin ƙwaya irin su Tramadol, domin tana ɓoye gajiya ne ta bar mutum da jaraba.

Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako biyu, suka bi mutum har gida da masallaci, ko ya fara tunanin cutar da kansa, lamarin ya wuce na aiki, ya zama na likita. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, kuma ba sai wanda ya fita hayyacinsa ake kaiwa can ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mai irin wannan larura bambanci a wurin aiki.