Egajira, abin shan Buzayen Abzin

Egajira abin sha ne na gargajiya a wurin Buzayen Abzin, cikin jihar Agadas. Ta yi kama da fura, sai dai ba a dafa ta. Ana surfa gero, a daka shi a turmi tare da dabino da cukun awaki, sannan a dama da ruwa a akushi, a sha da ludayi. Babu barasa a cikinta.

Da yake ba ta bukatar wuta, ta zama guzurin ayarin raƙuma masu ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri. Tana kashe ƙishirwa, tana kuma riƙe ciki. Geron kuwa daga kudu yake zuwa, inda ayari ke musayarsa da gishiri a kasuwannin ƙasar Hausa.

A Arlit, garin da aka kafa a 1969 saboda haƙar yuraniyom, da maƙwabciyarta Akokan, iyalan Buzaye na dama ta ranar biki, da suna, da salla, da kuma in an yi baƙo. Da bazara, ruwan randa mai sanyi ya fi dacewa da ita.