Yadda Zafi Ya Kawo Ƙarshen Tseren Gigahaz

A watan Mayun 2004 kamfanin Intel ya soke aikin da yake yi kan wata sabuwar furosesa mai suna Tejas, wadda aka tsara za ta gaji Pentium 4. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan guntun silikon da ke yin dukan lissafi. Kamfanin yana da kuɗi, yana kuma da injiniyoyi, amma zafin da sabuwar furosesar za ta riƙa fitarwa ya fi ƙarfin fankar da ake iya saka wa kwamfutar tebur. Daga wannan shekara ne aka sauya hanyar ƙera kwamfuta, kuma har yau a kan sabuwar hanyar ake tafiya.

Da farko zafi bai kasance abin damuwa ba. Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana ɗauke da furosesar Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77, kuma ba a ɗora mata fanka ko ƙarfen shan zafi ba. Tun a 1974 Robert Dennard da abokan aikinsa a IBM suka bayyana wata ƙa'ida: idan aka ƙanƙanta transista, ƙarfin lantarkin da take bukata yana raguwa tare da ita, saboda haka wutar da ake ci a kan fili ɗaya ba ta ƙaruwa. Ma'ana, ana iya cusa transistoci da yawa, a kuma ƙara musu gudu, ba tare da guntun ya ƙone ba. Kusan shekara 30 masana'antar tana cin moriyar wannan ƙa'ida.

Sai dai kamfanoni sun riƙa ƙara gudu da girman guntun fiye da abin da ƙa'idar ta ba su kyauta. Pentium ta farko, a 1993, tana cin kimanin wat 15, kuma daga wannan zamani ƙarfen shan zafi da ƙaramar fanka suka zama dole. Gudu kuwa shi ne abin da mai saye ya fi ganewa, don haka ya zama jigon talla. A watan Maris na 2000 AMD ta kai gigahaz 1 da Athlon, ta riga Intel da 'yan kwanaki. A watan Nuwamba Intel ta mayar da martani da Pentium 4, wadda aka zana musamman domin hawa gudu, har kamfanin yana hasashen kaiwa gigahaz 10.

Gargaɗi ya fito daga cikin gidan. A 2001, a wani taron injiniyoyi a San Francisco, Pat Gelsinger na Intel ya ce idan aka ci gaba a haka, yawan zafin da ke taruwa a kan fuskar furosesa zai kai na tukunyar nukiliya, sannan na bakin roka. A shekarar ce kuma shafin Tom's Hardware ya fitar da bidiyon da aka cire wa wasu furosesoci ƙarfen shan zafi suna tsaka da aiki. Pentium 4 ta rage gudunta ta tsira, Athlon kuwa ta yi hayaƙi ta mutu cikin daƙiƙoƙi.

Dalilin matsalar a lissafi yake. Wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa daidai da gudunta, tana kuma ƙaruwa da ninkin ƙarfin lantarki sau kansa. Ƙara gudu yana bukatar ƙara ƙarfin lantarki, shi ya sa zafi ke hawa da sauri fiye da gudun. Ga shi transistoci sun yi ƙanƙantar da lantarki ke yoyo daga cikinsu ko da suna kashe, kuma rage musu ƙarfin lantarki yadda aka saba ya gagara. Ƙa'idar Dennard ta zo ƙarshe ke nan. Pentium 4 samfurin Prescott, wadda ta fito a Fabrairun 2004, ta kai wat 115, amma gudunta ya tsaya a gigahaz 3.8. A watan Oktoba Intel ta soke samfurin gigahaz 4 da ta yi alkawari.

Mafita ta fito daga Haifa a Isra'ila, inda injiniyoyin Intel suka zana Pentium M, wadda ta fito a 2003, domin kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda tilas ta tsimi batir. A kan wannan tushe aka gina Core 2 Duo ta Yulin 2006: cibiyoyin lissafi biyu a guntu ɗaya, wat 65, gudu ƙasa da gigahaz 3, amma ta fi Pentium 4 aiki nesa ba kusa ba. AMD ma ta fitar da Athlon 64 X2 mai cibiya biyu tun 2005. Nauyin ya koma kan masu rubuta manhaja, domin yanzu sai an rarraba aiki tsakanin cibiyoyi kafin a ga ƙarin sauri.

Alƙaluma sun nuna girman sauyin. Daga 1981 zuwa 2004 gudu ya ninka kusan sau 800. A shekara 20 da suka biyo baya, da ƙyar ya tashi daga gigahaz 3.8 zuwa kimanin 6. Zafin kuma yana nan: Core i9-13900K ta 2022 tana iya jan wat 253, ita kuwa AMD ta tsara Ryzen 7000 ta riƙa aiki har digiri 95 a ma'aunin Selshiyos. Furosesar yau da gangan take ƙara gudu har ta kai iyakar zafin da aka gindaya mata, sannan ta sassauta.

Wannan yana nufin saurin kwamfuta ya dogara ga sanyayarwarta. Fanka tana kwashe zafi ne gwargwadon bambancin da ke tsakanin furosesa da iskar ɗaki. Wanda ke aiki a Kano ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ya fara da ragi tun kafin ya kunna na'urar, ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙarƙarin ƙarfen shan zafi. Furosesar ba za ta ƙone kamar Athlon ta 2001 ba, amma za ta rage gudu shiru, mai ita ya rasa wani kaso na saurin da ya biya kuɗinsa.